Wa Ya Tsayar da Motar Malam Dalsu?

A garin Dolgok, can cikin duwatsun kudancin Koriya, in ka ga direba ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu yana leƙa madubi kamar wanda ya sato akuya, ba sai ka tambaya ba, ɗalibin Malam Bong Dalsu ne. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da tuƙi a makarantar da ke bayan tasha, kuma shekara talatin da ɗaya yana ba da labarin hakan ga duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi. Mota dai ya iya ta, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Ciwonsa baki ne. Cewa yake dokar hanya gaba ɗaya tana cikin kansa, har da wuraren da waɗanda suka rubuta ta ba su gane ba. Tsohuwar farar motarsa kuwa, tun da ya saye ta babu hannun da ya taɓa sitiyarinta sai nasa. Ko bakanike ne ke son a juya taya, sai dai ya yi magana Dalsu ya juya.

Lasisin tuƙin nan shi ne tukunyar gidansa. Malamin tuƙi da aka kama ya sha ya hau titi, lasisi ya tafi, aiki ya bi bayansa, Dalsu kuwa bai iya komai a duniya ba in ba zama gefen mai koyo yana tsaki ba. Matarsa Malja ta fi shi sanin haka, shi ya sa tun da bikin Cusok, bikin kaka da ziyarar kaburbura, ya matso barcinta ya ragu.

Bikin bana shi ne na farko tun rasuwar mahaifinsa, wato yanzu shi ne babba a gidan Bong. Kowa ya san yadda ake yi. A hau dutse wurin kaburburan kakanni, a shimfiɗa tabarma, a jera tuffa da busasshen kifi da wainar shinkafa, a zuba wa kowane mamaci kofin barasar shinkafa, a durƙusa sau biyu, sannan babban ɗa ya ɗauki kofin ya shanye don albarka ta bi shi gida. Kaburburan gidan Bong bakwai ne. 'Yan sanda su ma sun san yadda ake yi, don haka duk shekara da rana tsaka suke kafa shinge a bakin gada, daidai inda hanyar dutsen ta sauko, su miƙa wa kowane direba 'yar na'urar nan ya hura. Tun da aka tsaurara doka kuwa, kofi guda ya isa ya sa ta kuka.

Masu hankali suna da dabarunsu. Wani ya taɓa kofi a leɓe ya ajiye, wani ya miƙa wa ɗansa makulli, wani ya kira direban haya ya maido shi gida a motarsa. Malja ta jera masa su tun saura sati guda, ya watsar da su ɗaya bayan ɗaya. Taɓa leɓe ha'intar matattu ne, shi kuwa ba zai fara sarautar gida da ha'inci ba. Makulli ba ya barin aljihunsa. Direban haya kuwa, ya ce sai dai ranar da za a ɗauki gawarsa, ko ranar ma zai so ya ga yadda mutumin ke shan kwana.

A shagon aski ya bayyana shirinsa, fuska cike da kumfa, mutum shida suna jiran layi. Ya ce zai sha kofi bakwai cif, ya zauna a kujerarsa, hannunsa a kan sitiyarinsa, ya ratsa shingen nan yana ɗaga wa 'yan sanda hannu, kuma babu wanda zai ce masa ci kanka. Mai aski ya ɗaga reza ya tambaye shi ko fukafukai ya sa wa motar.

"Rashin karatu ne ke damunku," in ji Dalsu. "Mene ne tuƙi? Tuƙi sai inji yana aiki. In inji a kashe yake, ni ba direba ba ne, mutum ne kawai zaune a kujera. To ku nuna mini dokar da ta hana ɗan adam zama a kujera."

Aka ce to wa zai motsa kujerar? Ya ce ai ya gama magana da maƙwabcinsa Dattijo Ma, manomin nan mai 'yar taraktar da ke jan amalanke. Ma zai ɗaura igiya ya ja motar daga kaburbura har ƙofar gida. Kafin la'asar labari ya gama gari, har waɗansu suka ce ranar ba za su yi saurin saukowa daga dutse ba sai sun ga yadda za a ƙare.

Malja a kasuwa ta ji. Ta dawo ta dire kwando ta ce, "Baban Yuna, shekara talatin muna cin abinci da katin lasisin nan, shi ne za ka kai shi bakin gada ka yi wasa da shi don mai aski ya tafa maka?"

"Ke dai ki soya kifinki. Doka ki bar wa masu ita."

"Masu ita suna bakin gada da hula."

Ya yi kamar bai ji ba, ya fita goge mota.

Ranar biki su huɗu suka hau dutse: shi, da Malja, da ƙanensa Dalho wanda ya zo daga birni cikin kwat mai tsada, da Gwaggo Sunne, ƙanwar mahaifinsu, mai shekara tamanin da tara, wadda ta ɗauki kanta a matsayin wakiliyar matattu a duniya. Tun a kabarin farko lissafi ya fara ɓaci. Gwaggo ta ce goshinsa bai taɓa ƙasa ba, a sake, kuma kofin da ya riga ya sha bai shiga lissafi ba tunda durƙuson banza ya bi. A kabari na uku ta tuna masa cewa kakan kakansu da matarsa tudu ɗaya suke kwance, ko so yake tsohuwa ta zuba ido mijinta na sha? Aka zuba biyu. Da aka miƙa wa Dalho nasa rabon sai ya dafe ciki ya ce likita ya hana shi, Yaya ne babba, Yaya ya taimaka. Yaya ya taimaka. Suna shirin naɗe tabarma Gwaggo ta nuna wani ɗan tudu bayan ciyawa, ta ce wani kawunsu ne da ya mutu bai yi aure ba, babu mai zuba masa, kuma a rayuwarsa ba abin da ya so kamar kofi.

A kabarin mahaifinsa kuwa ba wanda ya sa shi. Ya durƙusa, idonsa ya ciko, ya zuba biyu da kansa, don tsohon nan ya so shi duk da surutunsa. Malja ta ƙirga har goma sha ɗaya ta daina. Da ta waiwayo ta same shi tsugune yana bayyana wa dutsen kabarin yadda ake shiga tsakanin motoci biyu da baya.

Aka tafi neman Dattijo Ma. Abin da Dalsu ya manta shi ne Ma shi ma yana da kakanni, kuma nasa tara ne. A cikin amalankensa suka same shi, hula a fuska, yana minshari kamar ana zuga zuga-zugi. Malja ta zaro waya ta ce tun da sauran mutunci a kira direban haya. Dalsu ya ɗaga yatsa ya ce kada ta damu, taraktar gona doka ba ta lissafa ta cikin motoci ba, Ma ko tulu ya sha ba ruwan kowa.

"Doka ba ta san ta ba," in ji Malja, "amma rami ya san ta."

Aka tayar da Ma da ƙyar. Ya miƙe ya ce shi lafiyarsa lau, ido kawai ya ɗan hutar, ya jawo igiya. Dalsu ya ce masa a ƙarfen da ke ƙarƙashi zai ɗaura, Ma ya ce shekara sittin yana ɗaure shanu ba yaron jiya ne zai koya masa ƙulli ba. Da Dalsu ya tsaya ya duba da an tsira, amma mutane sun fara taruwa, kuma Dalsu ba ya iya ganin taro ya ƙyale. Yana can yana yi musu bayanin bambancin tuƙi da zama a kujera, Ma ya zagaye bambar gaba da igiya ya ƙulle tam.

Gwaggo ta shiga baya da kwandon abinci a cinya. Dalsu ya zauna, ya ɗaura bel, ya gyara madubi, ya sa mota a firi, ya fitar da hannu ta taga ya ba da izini kamar mai sallamar jirgin ƙasa. Tarakta ta fara fat-fat-fat, igiya ta miƙe, aka ji ɓaras. Bamba ta fita da lambar mota a jikinta, mota kuwa ko motsi ba ta yi ba. Aka yi ta kiran Ma, ina zai ji, ƙarar taraktar nan ko aradu sai ta yi haƙuri. Haka ya tafi bai waiwaya ba, yana rera waƙa, bamba na tsalle a bayansa, har ya haye tudu ya ɓace.

Dalsu ya leƙo ya dubi gaban motarsa da ya koma kamar bakin da aka cire wa haƙori. Ransa ya sosu, amma mutane suna kallo. Ya ce bamba ai ado ce, da ma yana shirin canza ta. Sannan ya ce shirin bai ɓaci ba, sai ma gyaruwa da ya yi: daga nan zuwa kan tudu 'yar tafiya ce, daga tudu zuwa gada kuwa gangara ce kyauta. A tura kawai.

Gwaggo ta ce ita ba ta sauka, ta riga ta zauna. Dalho ya cire kwat ya naɗe hannun riga yana gunaguni, Malja ta kafa kafaɗa, suka yi ta nishi mota na tafiya kamar mai jin kunya. Hanyar kuwa siririya ce, mota ɗaya take ɗauka, don haka nan da nan motocin sauran gidaje suka yi layi a baya. Da wani ne da hon ya cika dutsen, amma duk wanda ke cikin layin nan a hannun Dalsu ya koyi tuƙi, kuma ba a haifi ɗan Dolgok ɗin da zai danna wa malaminsa hon ba. Mai kantin magani ne ya fara fitowa, ya rusuna ya tambaya ko motar Malam ta sami matsala. Dalsu ya ce motarsa ba ta taɓa samun matsala ba, darasi ne yake bayarwa. Mutumin bai gane ba, amma ya cire kwat ya kama turi. Shugabar makarantar firamare ta biyo, mai aski ya biyo, waɗanda suka rasa wurin sa hannu a mota suka riƙa tura bayan masu turi. Mutum talatin cikin kayan biki suna tura mota lafiyayya, mai ita ya fito da kai ta taga yana gyara musu aiki.

"Na hagu ku rage. Wa ya ce ku tashi ba ku duba baya ba? Kai mai magani, har yanzu garaje bai sake ka ba, haka kake tun kana koyo."

"Tuba nake, Malam," in ji mai magani yana haki.

Da ƙarfin mutum talatin mota ta haye tudu, ta ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ta sunkuyar da kai ta kama gangara. Dalsu ya ɗaga musu hannu, baki har kunne. Ya taka birki sau ɗaya, ya kama. Ya taka na biyu, ya kama. Na uku sai ya ji kamar ya taka dutse. A nan ne ya tuna darasin da ya koyar ya fi sau dubu goma, wanda yake buga wa ɗalibai biro a yatsa a kansa: kada ka kuskura ka bi gangara da inji a kashe, don birki da inji yake numfashi.

Gwaggo tana baya tana fere tuffa. Ta ɗago ta ce, "Dalsu, ba ka ganin muna sauri?"

"A'a Gwaggo, bishiyoyin ne ke sauri."

"To ka ce musu su rage, wuƙa ce a hannuna."

A kwanar farko wata mata ta shanya jan barkono a tabarmi gefen titi, kamar yadda kowa ke yi da kaka. Mota ta bi ta kai. Barkono ya tashi sama, tabarma ɗaya ta shige ƙarƙashi ta nannaɗe, matar ta ɗauki manjagara ta shiga sahun masu gudu, don tuni mutum talatin ɗin nan suka biyo baya da gudu suna kiran Malam, Malja a gabansu, takalma a hannu.

Kwana ta biyu ita ce mugun wuri. Gefenta kwari ne har kogi, bayanta kuwa miƙaƙƙiyar hanya ce zuwa gada, inda motoci ke layi, 'yan sanda na tsaye, taraktar Ma na ta fat-fat-fat don ya manta yadda ake kashe ta. Dalsu ya ɗaga ido ya ga fuskar Gwaggo a madubi, sai tsoro ya wanke masa kai tas. Ya murɗa makulli, inji ya tashi. Ya taka kuloci ya sa lamba uku, ya sauko lamba biyu, birki ya dawo ƙarƙashin ƙafarsa, ya riƙa jan birkin hannu kaɗan-kaɗan yana saki. Ya sha kwanar nan taya na kuka a bakin kwari, ya miƙe, ya zo ya tsaya, tsakaninsa da ƙofar motar 'yan sanda bai fi tafin hannu ba. Nan take ya kashe inji. Duk abin bai fi a ƙirga ashirin ba, kuma babu kunnen da ya ji tashin injin saboda ƙarar tarakta. A faɗi gaskiya, tuƙi ne mai kyan gaske. A faɗi ɗayar gaskiyar kuma, saura ƙiris wautar mutum ɗaya ta jefa tsohuwa a kogi, ta haɗa da duk wanda ke bakin gada.

Mai riƙe da shingen ranar Sajan Tak Miran ce, wadda ta taɓa zama ɗalibarsa tana 'yar budurwa mai rawar hannu, ta faɗi jarrabawa sau uku, shi ne ya ƙi barin ta ta haƙura. Lambar motarsa na hannunta tun ɗazu, ta cire ta daga igiyar Ma tana mamakin inda sauran motar take. Ta matso ta rusuna a taga, wari ya buge ta har ta ja baya taki guda. Kafin ta buɗe baki Dalsu ya fito, ya dafa ƙofa don ƙasa na ɗan lilo, ya ce kada ta wahalar da kanta da na'ura, ya sha ya kuma ƙoshi, amma bai yi tuƙi ba. Zama ya yi a kujera, kujera ta gangaro.

Masu gudu suka iso suna haki, barkono a gashin kansu. Ɗaya bayan ɗaya suka ba da shaida cewa inji a kashe yake, su ne suka tura da hannunsu, ga tabon ƙura a kayansu. Aka tambayi Gwaggo ko ta ji ƙarar inji, ta ce ita rabonta da jin wani abu tun bikin bara. Sajan Miran ta yi ajiyar zuciya, don tun da ta ga lambar nan gabanta ke faɗuwa. Ta ce in haka ne ba ta da abin kamawa na tuƙi cikin maye. Amma ta sha mur ta gaya masa abin da ya yi hauka ne, za ta rubuta batun bamba da barkonon mutane, motar kuma nan za ta tsaya sai an samo mai hankali ya ɗauke ta. Malja ta zube a bakin titi ta sa fuska a tafin hannu tana kuka da dariya a haɗe. Lasisi ya tsira. Ba yadda aka tsara ba, amma Dalsu ya sha, ya zauna a kujerarsa, ya iso shinge, kuma ba a taɓa shi ba.

Da a nan aka watse, da har yau yana shagon aski yana ba da labari. Sai mai aski ya sosa kai ya ce shi fa akwai abin da bai gane ba: mota ba inji, ba birki, to me ya tsayar da ita?

Gwaggo ta ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, yayanta ne ya miƙo hannu daga kabari, kofi biyun nan bai tafi a banza ba. Tsofaffi suka gyaɗa kai. Mai barkono ta ce a bar matattu su huta, tabarmarta ce, a leƙa a gani. Dalho ya durƙusa ya leƙa ya ce lallai ga ta nan ta nannaɗe taya, kuma shi da ya hango ta gilashin baya kamar ya ga Yaya ya saki sitiyari ya ɗora hannu biyu a ka. Ƙarya yake yi, haushin rigarsa ne da ta yage wajen turi. Shugabar makaranta ta ce ita a ganinta sa'a ce kawai.

"Wato kenan," in ji mai aski, "ko buhun shinkafa aka ɗora a kujerar nan haka za ta tsaya."

Aka kwashe da dariya. Mai magani ya ce to 'yarsa da za ta fara koyon tuƙi gara ya kai ta wurin tabarma. Wani daga baya ya ce a riƙa kiranta Malama Tabarma, a ba ta ofis a bayan tasha.

Malja ta ɗago ta ga wuyan mijinta ya kumbura, kunnuwansa sun yi ja, zance ya cika masa baki. Shekara talatin ta san wannan fuskar. Ta tashi ba takalmi ta kama hannun rigarsa ta yi ƙasa da murya.

"Baban Yuna, haɗiye. Ka rufa mana asiri ka haɗiye shi. Mu je gida ka faɗa mini, zan saurara har ƙarshen shekara, ba zan ko yi hamma ba."

Ya yi ƙoƙari, wannan dole a ba shi. Ya rufe baki, ya dubi sama, ya dubi kogi. Sai mai barkono ta jawo tabarmarta daga ƙarƙashin mota ta ɗaga sama, jama'a suka tafa mata.

"Tabarma?" in ji Dalsu. "Tabarma ce ta sauko daga lamba uku zuwa biyu a tsakiyar kwana? Tabarma ce ta san jan birkin hannu? Ni ne. Ni na tayar da inji, ni na sha kwanar nan, kuma duk Dolgok babu mai iya shan ta haka ko ruwa ya sha."

 Sajan Miran ta yi sauri ta ce, "Malam, rana ta buge ka. Shaidu talatin sun ce mota da kanta ta gangaro."

"Shaidu talatin suna bayan kwana suna haki, me suka gani?"

"Gwaggo tana ciki, ba ta ji inji ba."

"Gwaggo ko bama-bamai ba ta ji."

"Na ji wannan," in ji Gwaggo.

Sajan ta matso har kusa da kunnensa. "Malam, wanda ya sha yakan ga abin da bai faru ba. Ka ce mafarki ka yi, mu rabu lafiya."

Da ta san abin da kalmar nan za ta jawo da ba ta faɗe ta ba. A ce tuƙin da ya fi kowanne kyau a rayuwarsa mafarki ne? Ya fizge hannunsa daga na Malja, ya zura jiki cikin mota, ya zaro ɗan katin kyamarar da ke manne a gilashin gaba, wadda ke ɗaukar hoto da sauti kamar ta kowace mota a ƙasar. Malja ta yi tsalle za ta warce, ya ɗaga shi sama. Dalho ya kama masa kugu, mai magani ya kama gwiwar hannu, ɗalibai suka yi masa rumfa kowa na cewa Malam a yi haƙuri, sun yarda, shi ne, ba tabarma ba. Ya ce yardar baki ba ya so, gani yake so a yi. Ya miƙa hannu ta saman kawunansu, katin ya faɗa tafin ɗan sanda na biyu, wani baƙo da aka turo daga wani gari, wanda bai taɓa zama ɗalibin kowa a Dolgok ba.

Baƙon ya saka katin a na'urarsa ya ɗora a kan motar 'yan sanda, jama'a suka yi cincirindo. Wani ya je ya kashe taraktar Ma don a ji da kyau. Aka ga barkono na tashi. Aka ga bakin kwari na matsowa har shugabar makaranta ta rufe ido. Aka ji makulli, aka ji inji ya tashi sarai, aka ga kwana ta juya sumul, aka ga ƙofar motar 'yan sanda ta taho ta taho ta tsaya cak. Mai aski ne ya fara tafi, sauran suka ɗauka, har mai barkono ta ajiye tabarma ta tafa. Dalsu ya rusuna dama, ya rusuna hagu, ya ce a maido baya a sake, akwai wurin da ba su lura da aikin ƙafa ba. Aka sake. Malja ba ta kalla ba ko sau ɗaya, tana zaune tana kakkaɓe tsakuwa daga tafin ƙafarta.

Da hoton ya ƙare karo na biyu, Dalsu ya juyo yana murmushi ya ga Sajan Miran tsaye a gabansa, 'yar na'urar nan a hannunta.

"Hura, Malam."

Tafi ya mutu. Ya dubi na'urar, ya dubi baƙon ɗan sandan da ke rubutu, ya dubi matarsa, sai a lokacin abin ya iso masa. Ya buɗe baki zai kawo wata doka, ya laluba kansa kaf bai sami ko layi ɗaya ba. Ya hura. Na'ura ta yi kuka mai tsawo, lambar da ta nuna kuwa ta wuce inda ake dakatar da lasisi, ta kai inda ake soke shi. Ba wanda ya yi dariya, mai aski ma ƙasa ya duba.

Sajan ta nemi katin lasisinsa. Ya daɗe yana laluben aljihu duk da ya san inda yake, sannan ya zaro shi ya goge a riga ya miƙa. Ta karɓa da hannu biyu ta rusuna ƙasa sosai, idonta ya yi ja.

Muryarsa ta koma 'yar ƙarama. "Amma dai kin ga kwana ta biyun nan."

"Na gani, Malam. Ban taɓa ganin irinta ba."

Ta saka lasisin a ambulan ta liƙe.